Yadda Za Ka Koyar da Yaran Unguwa Ba Tare da Sun Tsere Ba

Ɗan'uwa ɗalibi, ko a Samaru kake, ko a Dundaye, ko a sabuwar Jami'ar Bayero da ke titin Gwarzo, bayan katangar makarantarku akwai yaran da suka kai aji biyar amma har yanzu suna kokawa da baƙaƙe. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro shekara 9 na karatu kyauta, sai dai aji ya cika maƙil, malami kuwa ɗaya ne. Idan ka yi niyyar ba su awa guda bayan an tashi daga makaranta, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zai sa su dawo gobe.

1. Fara da manya

Kafin ka sayi alli, je ka gaida mai unguwa da liman, ka durƙusa yadda aka koya maka a gida. Su ne za su ba ka zaure ko barandar makaranta, su ne kuma za su shaida wa iyaye cewa wannan mai rataye da jaka ba kuɗi ya zo karɓa ba. Tambaye su lokaci. Yawancin yara suna Islamiyya da yamma, amma Alhamis da Juma'a galibi hutu ne. Kada ka kuskura ka haɗa darasinka da ranar da unguwarku ke buga ƙwallo da maƙwabta, domin kai da benci za ku zauna.

2. Bar manyan kalmomi a ɗakin kwananka

Turancin da ka kwaso a lakcar safe yana da ranarsa. Yaron da bai gama rarrabe "b" da "d" ba, idan ka zuba masa shi, zai zura maka ido cikin ladabi, zuciyarsa tana wurin mai awara. Yi masa bayani da harshen da yake rigima da shi a gida. Idan ya iya karanta "ƙofa" da "ɓera", Turanci zai zo masa da sauƙi.

3. Kada ka yarda da "Eh, Malam!"

Ka ce "Kun gane?" za su amsa da ƙarfin da zai tada tantabarun maƙwabta, har da wanda yanzu ya farka. Kira su ɗai-ɗai. Miƙa wa kowa takarda: wannan baƙaƙe ya sani, wancan kalmomi, waccan tana iya karanta labari. Sai ka raba su bisa abin da suka iya, ka manta da ajin da suke. Da wannan dabara ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna, har ƙasashen Afirka da dama suka ɗauka. Ɗan aji shida zai kumbura idan ka zaunar da shi kusa da ɗan aji uku. Naɗa shi mai rabon alli, nan take kumburin zai sace.

4. Kayan aikinka suna zube a ƙasa

Marafan kwalba, tsinken tsintsiya da ƙwallon dabino sun ishe ka koyar da tarawa da ɗebewa. Yarinyar da ta ce ba ta iya lissafi ba, tambaye ta canjin wanda ya ba da ₦500 ya sayi gyaɗar ₦150. Kafin ka laluba wayarka ta ce ₦350, ta ƙara da cewa ba ta ba da bashi. Lissafin yana kanta, rubuta shi kawai za ka nuna mata. Idan gajiya ta sauko, buɗe Magana Jari Ce na Abubakar Imam ka karanta musu, ka tsaya daidai inda labari ya yi daɗi. Gobe su za su riga ka zuwa.

5. Bulala a'a, alawa da lissafi

Wanda ya sha duka da safe ba zai kawo kansa a ƙara masa da yamma ba. Yabo ya fi aiki: kira sunansa, ka sa a tafa masa. Alawa kuwa, ka raba sau ɗaya, washegari za ka tarar da ƙanne da 'yan goyo, har da wani mai gemu da zai ce rakiya ya yi.

6. Shirya wa tambayoyi

Za su tambaye ka ko ana duka a jami'a, me ya sa wata ke bin mutum, da kuma yaushe za ka yi aure. Biyun farko ka amsa da gaskiya. Abin da ya shige maka duhu, ce musu za ka bincika, kuma ka bincika ɗin. Na ukun ka ce su sa ka a addu'a. Ke kuma 'yar'uwa, ranar da yarinya ta ce, "Anti, ni ma zan iya zama likita?" zauna ki lissafa mata matakan tun daga jarrabawar shiga sakandare. Idan hali ya yi, ku nemi izinin iyaye ku kai su su ga ɗakin karatun jami'a irin na Kashim Ibrahim da idonsu.

7. Zo, ka sake zuwa

Wannan ya fi sauran nauyi. Yaro yana yafe wa malamin da ya yi kuskure a allo, amma yana daɗewa bai manta wanda ya ce zai zo bai zo ba. Ku zama ku biyu ko uku, domin jarrabawa za ta zo, hutu zai zo, wani lokaci har da yajin aikin malaman jami'a irin na 2022 da ya ci wata 8. Ku sa ɗalibi ɗan unguwar a cikinku. Ku zauna a fili inda kowa ke gani, ku sallami yara kafin kiran magariba.

Kai ma wani ne ya riƙe hannunka har ka rubuta baƙin farko. Nemi abokai biyu a wannan mako, ku je ku yi sallama a ƙofar mai unguwa. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba ku ladan.