Zuwa ga Kaka, Daga Ƙasar Masu Suna a Ƙirji



Zuwa ga abokin wasana, tsoho mai ran ƙarfe, mai riƙe mini Hajiya amana kafin in dawo in karɓi matata.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙarfin jiki, ya damina, ya haƙuri da mu? Auta, na san kai za a ba karatun, to ka ɗaga murya, kuma ka zauna ta wajen kunnen da yake ji, kada ka bi ta wanda yake juya wa masu zuwa rance.

Labarai a gurguje: lafiyata ƙalau, karatu na tafiya, kuɗin taki na tura wa Yaya. Barka da ƙaruwar da aka samu a sashen Baffa Ƙarami, Allah ya raya. Maganar nan da Goggo ta aiko ta waya na ji, amsata tana nan inda na bar ta.

Kaka, na samo maka abokin gwagwarmaya. Wani tsohon Bature ne a nan jihar Iowa, wanda muke zuwa gonarsa daga jami'armu ta garin Ames muna ɗiban ƙasa don gwaji. Ya haura shekara 90, manomi ɗan manomi jikan manomi. Kakansa ne ya taso daga Jamus a jirgin ruwa, ya sayi filin ya kafa gida, kuma har gobe gonar tana hannun zuri'arsa. A bakin hanyar gidan an kafa allon ƙarfe na shaida, domin tun 1976 jihar nan take karrama duk gonar da ta shekara 100 a hannun dangi ɗaya, matuƙar ta kai eka 40. A babban baje kolin da ake yi a Des Moines duk watan Agusta ake miƙa lambar.

Halinku ɗaya sak. Kafin gari ya waye ya tashi, ya damƙi ƙasa ya shinshina, ya ce ruwan bana bai kai na da ba, taki ya yi tsada, yaran zamani kuma ba sa son wahala. Da na rufe ido sai in rantse a zaurenka nake.

Masara bana, waken soya baɗi, nomansu ke nan. Babu jihar da ta kai su masara a duk Amurka, amma fiye da rabinta man mota ake yi da ita, saura kuma akasari dabbobi ke ci. Auta, nan ka sassauta murya kada Liman ya ji: aladun jihar nan sun haura miliyan 20, mutanenta kuwa da kaɗan suka ɗara miliyan 3.

To a watan Yuli sai tsohon ya gayyace ni taron zumuncin zuri'arsa. An kafa rumfa a bayan gida, motoci sun cika bakin gona, wasu daga Chicago, wasu tun daga California. Kowane ɗaki da kalar rigarsa, 'ya'yan babban ɗa kore, na mai bi masa shuɗi. Wannan bai dame ni ba, anko ne, mu ma mun iya. Abin da ya tsayar da ni wani teburi ne a bakin shiga, an zube takardu masu gam da alƙalami mai kauri. Duk wanda ya iso sai ya rubuta sunansa, ya ƙara da na ubansa ko uwarsa a ƙasa, ya manna a ƙirji, sannan ya shiga cikin danginsa.

Danginsa fa, Kaka! Jininsa!

Da idona na ga dattawa biyu masu furfura, 'ya'yan wa da ƙani, sun nufo juna. Kowa ya gyara tabarau, ya sunkuya ya karanta ƙirjin ɗan'uwansa, sai da ya kai ƙarshen layi sannan ya ɗago ya kwarma ihun murna suka rungume juna. Jaririn da ke rarrafe a gadon baya aka manna masa tasa, don ta nan ake ganinsa. Karen gidan dama da nasa sunan a wuya yake yawo. Shi kansa tsohon, yana zaune a tsakiya da sandarsa, an manna masa takarda an rubuta cewa shi ne Kaka, wai ko akwai mai shakka.

Tun ranar nake lissafin yadda za ta kaya in an kawo wannan al'ada gidanka ranar Sallah. Da farko dai takardar kasuwar Funtuwa za ta ƙare, a aika Malumfashi, ita ma ta ƙare, a fara yagar littattafan 'yan firamare. Sannan me za a rubuta? Rabin mazan gidan sunanka suka ci, kuma ba mai iya faɗa, daga Abba sai Baba sai Babangida sai Baba Ƙarami. Takarda ɗaya za a rubuta a kai wa mai fotokwafi ya buga har injinsa ya yi hayaƙi.

Ina tausayin Inna. Tunda ta haifi Yaya bakinta bai taɓa kama sunansa ba, ɗan fari ne. In aka manna masa shi ɓaro-ɓaro a ƙirji, sama za ta riƙa kallo tana miƙa masa tuwo, miya ta ƙare a kan takalminsa. Hajiya kuwa, da duniya ta shaida ba ta taɓa furta sunanka ba, ranar a ɗaka za ta yi Sallarta ta ce kanta ke ciwo.

Kuma kafin a sauko daga Idi akuyar nan mai ƙaho ɗaya ta bi yara ta cinye sunayen tas. Daga nan sai 'ya'yan maƙwabta su shige layin barka da Sallah, kai kuma ka ba kowa, kamar dai yadda kake yi duk shekara kana cewa ba ka gane su ba, alhali mun san ka gane.

Goggo ce kaɗai za ta ɗauki abin cin fuska. Matar da ta san wanda aka haifa shekarar fara, da gidan da aka kai kowa yaye, da wadda ba ta mayar da biki ba tun auren Baffa! In aka sauke ta a wannan taro, tsakanin azahar da la'asar ta gama tantance wane ɗan wane daga ganin kunnuwa, ta kwance takardun ta zuba a murhu, ta ƙulla aure uku. Sai dai dokar Iowa ta hana auren 'ya'yan wa da ƙani, don haka 'yan sanda ne za su rako mana ita filin jirgi, tana tafe tana ba su labarin zumunci.

Gaskiya ɗaya dai, kai takardar za ta yi wa rana. Kai da sai ka kira suna huɗu, har da na wanda ya tafi Legas, kafin ka faɗo kan wanda ke durƙushe a gabanka!

Ni ma an ba ni tawa na manna. Mutanen kirki ne, sun cika mini faranti da dafaffiyar masara da man shanu, jikar tsohon tana tsaye tana nuna mini kwanukan da ba nawa ba. Kowa ya karanta sunana ya gwada faɗa. Amma a duk faɗin ƙasar nan babu mai kirana da sunan da ka laƙaba mini, kuma babu wanda zai tare ni a kasuwa ya ce, “Kai, wannan tafiyar ta gidan wane ce.” Rannan na jima a mota kafin in tayar.

Tsohon ya tambaye ni labarinka, ni kuwa na baje masa. Na gaya masa yadda ka riƙe gandu da ƙannenka da 'ya'yanka, garma ɗaya da shanu biyu. Yadda kake kai auduga Funtuwa a kan jakuna. Yadda ka buɗe rumbu a farin 1973 har waɗanda ba ka haɗa komai da su ba suka ci. Yadda da aikin bunƙasa noma na Funtuwa ya zo a 1975 ka karɓi takin zamani ana ce maka zai kashe gona, masararka ta ba masu faɗa kunya. Da bijimin da ka sayar ranar da aka ce in ba a biya ba za a koro ni daga makaranta. Ya ce jikokinka nawa? Na ce mu ba ma ƙirga mutane, sai dai in an zuba tuwo a ga ko ya isa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya nuna mini wani saurayi ya ce duk cikin taron nan shi kaɗai ya rage a gona.

Amma sun fi mu abu biyu, kuma ba wasa a nan. Gonarsu tana nan dunƙule yadda kakan tsohon ya bar ta. Kuma 'yarsa ta haɗa littafi guda, da hotuna da sunaye da shekaru, tun daga wanda ya hau jirgin ruwa har jaririn da ke rarrafe. Mu namu littafin yana cikin kanka da kan Goggo, Allah ya ƙara muku nisan kwana.

Don haka Auta, ka sayo littafi mai bango mai ƙarfi, zan biya. Kullum bayan isha'i ka zauna gaban Kaka ka rubuta daga ina kakansa ya taso, wa ya sari dajin farko, ina iyakar kowace gona, wa ya dasa ɗorawar bakin rafi. Baffannina kuma ina roƙonku da girman Allah, mai son sayen gonar fadamar nan ku ba shi haƙuri, ko nawa ya taya. In matsi ne a gaya mini, a gaya wa na Legas, mu haɗa hannu.

A gaida Inna da Baba, da su Goggo, da Liman, da duk wanda na tsallake. Auta, in Kaka ya fara ba da labarin ka kunna wayarka ka ɗauki muryarsa ka turo mini, har da faɗan da zai yi mini a kan wannan wasiƙa, kada ka yanke ko kalma ɗaya.

Wassalam.

Naka har kullum,
jikanka na Amurka.