Harajin "Allah Sarki"

Idan mutumin birni ya haura hamsin, ya ajiye tumbi, likita ya raba shi da sukari da jan nama, sai wani sabon ciwo ya kama shi wanda ba a san maganinsa a asibiti ba: ciwon tuna baya. Alamarsa ta farko yawan cewa "a zamaninmu". Ta biyu rantsuwa da Allah cewa ko ruwan rijiya ya fi zaƙi a da. In ciwon ya yi tsanani, sai ya cika tankin mota, ya sayi katan ɗin ruwan roba, ya ce zai je ya ga wani gari da ya taɓa ratsawa yana saurayi. Ba wani abu zai kai wa garin ba. Zuwa zai yi ya tabbatar da cewa garin ya lalace, ya dawo majalisa da labari.

Ni garin da nawa ciwon ya zaɓa shi ne Zungeru ta Jihar Neja, wadda tsofaffi ke kira Dungurum. Duk wanda ya bi jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko a lokacin da jirgi yake jirgi ya san tashar nan. Kawuna falken goro ne, ni kuma ɗan riƙon buta da gadin kaya. Jirgi na tsayawa 'yan talla za su yi wa tagogi ƙawanya: soyayyen kifin kogin Kaduna, gasasshiyar doya, dafaffen ƙwai, rake. Ta taga ake ciniki, kuma akwai fasinjojin da suka gwanance wajen jan tayi har direba ya busa, jirgi ya ja, su wuce da kifi da kuɗinsu duka. Su ne yau suka fi kowa kukan cewa amana ta ƙare a duniya.

Garin kuwa ba kanwar lasa ba ne a tarihi. A 1902 Gwamna Lugga ya taso daga Jebba ya kafa hedikwatar mulkin Arewa a nan. Hedikwatar na nan sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. An yi zamanin da sarakuna masu tambari da algaita ke jiran su ji abin da takarda daga Zungeru za ta ce. Nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, shugaban Nijeriya na farko. Nan aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933, madugun Biyafara. Gari ɗaya ya haifi wanda ya shugabanci ƙasa da wanda ya nemi ɓallewa daga cikinta, kuma a cikinsu babu wanda ya tsufa a can. Da alama ruwan garin yana ba mutum suna, amma da sharaɗin ya tattara ya tafi.

Bature ne ya fara koya mana tafiyar, kuma ya koya mana ita da kyau. Da aka mayar da hedikwata Kaduna wajen 1917, ba a tsaya ga akawuna da sojoji da akwatunan fayil ba. Akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙafa da Lugga ya sa aka kafa a 1904. Ita ma daga baya aka kwance ta, aka loda, aka kai ta Kaduna. Tana can a Gamji, masu yawon shaƙatawa na ɗaukar hoto a kanta. Ɗan haya ya tashi ya naɗe tabarmarsa ya cire labulensa, wannan an saba gani. Amma ya haɗa har da gada?

Mu kuma ɗalibai ne masu ƙwaƙwalwa. Tunda mai gida ya ɗauki gada, ai ragowar ta zama ta rabo. A irin waɗannan garuruwa, jan bulon gidan Turawa ba ya daɗewa yana zaman banza, wani bawan Allah zai tausaya masa ya sama masa aiki a katangarsa. Kwanon rufi iska ce ke kwashe shi, sai dai iskar ta san ƙofar gidan da za ta ajiye. Ƙarfen da ya fi shekara ɗari yana jure rana da damina, dare ɗaya ɗan jari-bola zai yi masa ritaya. Abin da na tarar a tsohon barikin Zungeru shi ne ginshiƙai tsaye cikin ciyawa, sai maƙabartar Turawa, waɗanda su kaɗai ne manyan baƙin da suka zo garin ba su koma ba.

Ziyarar mai ciwon tuna baya tana da farillai, kuma na ga an cika su a gabana. Wani Alhaji ya sauko daga jif, ya goya hannu a baya, ya dubi tashar, ya girgiza kai, ya ce, "Allah sarki!" Ya taka ya dubi dogo, ya sake cewa, "Allah sarki!" Ya miƙa wa direbansa waya a ɗauke shi hoto, fuska a murtuke yadda 'yan Facebook za su san abin ya taɓa shi. Da ya hango shagon cajin waya da 'yan acaɓa sai ya ce an ɓata garin, da ba haka yake ba. Da ya juya ya ga kango sai ya ce an yi watsi da garin. Abin da Alhaji ke so shi ne mutane su zauna daidai yadda ya bar su, da fitilar aci-balbal da tulun ruwa, domin duk sanda ya gaji da sanyin ofis ya zo ya tarar da ƙuruciyarsa a ajiye.

Wani dattijo na zaune a benci a inuwar tashar yana jan carbi. Alhaji ya matsa ya ce, "Baba, ashe haka garin nan ya mutu?"

Dattijon ya ɗaga kai. "Alhaji, daga ina?"

"Daga Kaduna."

"To, sannunku da zuwa ta'aziyya. Sai dai mamacin ya tafi gona, sai la'asar zai dawo. In ka koma, ka gaishe mana da gadarmu."

Mamacin kuwa da ransa. Ana noman shinkafa da doya, masunta na shiga kogi, Gwarawa da Nufawa da Hausawa na cin kasuwa tare, ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha suna kai da kawo. Jirgi ne ya daina sauke mu a ƙofar garin, manyan motoci suka karɓe dakon da yake yi, mu kuma muka ɗauka duk inda ƙafarmu ta daina zuwa an yi masa sallah an binne. Alhaji dai ya sha ruwan da ya zo da shi, ya ci abincin da Hajiya ta zubo masa a kula, ya ce a yi sauri kada dare ya yi a hanya. Ko ƙulli ɗaya na gyaɗa bai saya ba. Tausayi kawai ya bari, kuma mai shayi ya tabbatar mini ba a karɓarsa a wajen mai burodi.

Kada a ce ba a tuna da Zungeru ba. An gina mata katafariyar madatsar ruwa a kan kogin Kaduna, aikin kamfanonin ƙasar Sin da aka fara a 2013, mai ƙarfin megawat 700, a kan dala biliyan 1.3. Wutar na hawa manyan turaku ta shiga babban layin ƙasa, ta nufi birane inda su Alhaji suke. A ranar da na je, mai cajin waya da janareta yake aiki. Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa. Gada ta tafi, Azikiwe ya tafi, ita ma wuta ta gane hanya.

Ba Zungeru kaɗai ba ce. Baro da ke bakin kogin Kwara, inda dogon da ya isa Kano a 1911 ya faro, da Ƙaura Namoda da Nguru inda dogo ya tuƙe, duk suna da masu yi musu kuka daga nesa. Kowane irin wannan gari yana da ƙungiyar ci gaba, kuma shugabanninta a Abuja suke. Shekara-shekara a kama zaure a otal, a kira maroƙi, a kafa gidauniya. Wane ya yi alƙawarin miliyan goma, a tafa. Wane ya ce shi zai ninka, a yi guɗa. Abin da ke isa gida daga ƙarshe kalanda ce mai hotunan 'yan kwamiti. Kakar zaɓe kuma ɗan takara ya zo ya tsaya a kan dogo ya rantse zai dawo da jirgi, ya shiga jirgin sama ya koma. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma mu mun ƙirƙiro hanya ta uku: mu bar gida, mu riƙe muƙamin shugaban masu kishinsa.

Saboda haka ga shawarata, kyauta. A kafa shinge a mashigar kowane tsohon gari, a sa wa baƙi haraji. "Allah sarki" ɗaya, naira dubu. Girgiza kai, ɗari biyar. Hoto a gaban kango, dubu biyu, in da tagumi a ƙara ɗari biyu. Wanda ya ce "a zamaninmu" a tsare shi sai ya sayi kifi, ya biya kuɗin a hannu kafin ya ta da mota, har da bashin wancan na taga. Na yi lissafi, cikin damina biyu za a rufe tasha da sabon kwano, a share bariki, har a sami rarar sayen gada.

Matsala ɗaya ce ta hana ni kai takardar wannan shawara. Duk wanda na gaya wa ya yaba, ya ce lallai a kafa kwamiti, kuma don sauƙin aiki a buɗe ofishin karɓar kuɗin a Abuja.