Yadda Motata Ta Koma Zabuwa

Duk wanda ya sayi baƙar mota a Maska, aiki ya saya da kuɗinsa. Tawa Golf ce 'yar Kwatano, ƙirar 1996, wadda kuɗin masara da waken suya suka kawo gidana. Dillalin ya rantse mini cewa baƙin fenti ba ya tsufa. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai kawo zancen hunturu ba, lokacin da mota ke kwana baƙa ta tashi ruwan ƙasa, yara kuma su mayar da gilashin baya allon koyon rubutu.

Da aka sa ranar auren ɗan Kawu a Malumfashi, aka ce motata ce za ta ɗauki dattawa. Na shiga Funtuwa na sayo gwangwanin man folish wurin masu kayan mota. Ƙanena, wanda tun da ya fara karatun kimiyya a Zariya ba a gama magana bai saka baki ba, ya juya gwangwanin ya ce kaki ne da ake kaɗowa daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Burazil, sunanta carnauba. Na ce masa ya riƙe Burazil ɗinsa. Garin nan da saƙa da rini ya yi suna, kakanninmu sun bugi baƙar riga har tana ɗaukar ido, ba wanda zai koya mana sheƙi.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, rana na tsakar ka, ɗan garuwa ya sauke mini jarkokin ruwan burtsatse. Na zazzaga Omo a bokiti, na bi motar da kumfa tun daga bonet har but, na watsa mata ruwa. Ina ɗaukar tsumma sai ga maƙwabcina ya yi sallama. Ba a yanke wa dattijo gaisuwa saboda mota. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka koka da tsadar taki, muka yi wa 'yan sari addu'ar shiriya a kan farashin masara, ya ba ni labarin ciwon gwiwarsa tun daga farko. Da ya yi gaba na waiwaya, sai na ga zabuwa a ƙofar gidana. Fararen ɗigo-ɗigo tun daga rufi har murfin tankin mai, kowane da zagayensa tsaf.

"Yaya, ai ruwan ne," in ji ƙanena daga inuwa, hannunsa a aljihu. Wai ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kwaso sinadaran kalsiyam da magniziyam daga duwatsu. Ruwan ya bi iska, su kuma su zauna daram a kan fenti. Su ne farin nan da ke daskarewa a gindin tukunyar dafa ruwa. Baƙin ƙarfe ya sha rana, ga busasshiyar iskar hunturu, ɗigo ba ya minti biyu ya ƙafe. Ya ce a inuwa ake wanki, da safe ko da yamma, daga sama zuwa ƙasa, ƙofa ɗaya a ɗauraye a tsane kafin a taɓa ta biyu. Na tambaye shi ina wannan ilimin yake sa'ad da nake zuba Omo. Ya ce ban tambaya ba.

Na buɗe gwangwanin, don a ganina abin da ya taso tun daga Burazil ba zai gagara rufe 'yan ɗigo ba. Ya ce shafa ɗaya siririya ake yi, a jira ta yi hazo-hazo a goge. Ni kuwa ban sayi gwangwani guda don in yi masa rowa ba. Na laɓta shi da kauri har kan baƙar robar bamba, inda ya bar farin zane da yake nan har yau. Ɗigon kuma ba inda suka je, rufi ma na yi musu.

Ana cikin haka matan gidan da ke gabas da mu suka fara shiƙar dawa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ba ta kuma taɓa saɓa alkawari ba. Ƙaiƙayi ya taso ya sauka a kan ɗanyen man, ya manne. Na kai tsumma zan share, ƙanena ya riƙe mini hannu, wai ƙura da ƙaiƙayi a ƙarƙashin tsumma karce fenti za su yi. Muka tura motar gindin dalbejiya don neman inuwar da yake ta wa'azi a kai. Nan ne kuwa belbelun unguwa suke kwana. Kafin magariba sun sa hannu a takardar.

Uwargida ce ta leƙo, ta dubi motar, ta dube ni, ta ce, "Malam, in da tukunyata ce, lemon tsami zan matsa mata." Ƙanena ya ce tsami yana narkar da wannan farin, a haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, amma sai an fara cire man da na shafa. Abin da zai cire shi kuwa Omon nan ne, wanda ashe shi ya sa masu mota ba sa son sa a wankin yau da kullum. Haka na wanke Burazil da hannuna, ta bi kwata.

Saura ruwan ɗauraya. Ba damina ba ce balle a tari ruwan sama, wanda ba ya barin tabo sosai. Burtsatse kuwa na san halinta. Da daddare na aika aka sayo mini fiya wata jaka-jaka, kowace mai leda 20. Bayan asuba, sanyi na yanka yatsu, ina fasa leda da haƙori ina tsiyayawa, ƙanena na bi da tawul yana tsanewa, sannan muka yi shafar nan siririya. Motar ta yi kyau har ina ganin fuskata a jikin ƙofa. A cikin ƙofar na hango Kawu tsaye a bayana da carbi, yana ƙirga ledojin da ke ƙasa. Bai ce komai ba sai "Ma sha Allah."

Kafin mu kai Bakori wata tirela ta mayar da mu ruwan ƙasa, amma labari ya riga mu isa Malumfashi. Muna fitowa maroƙi ya ɗaga murya: "Ga mai wanke mota da ruwan leda! Ga wanda ruwan rijiya bai isa ya taɓa tayarsa ba!" Aka matsa mini wuri a kan darduma ta gaba, kusa da liman. Da aka zo biyan sadaki, waliyyin amarya ya ƙirga ya ce da saura. Kawu ko aljihunsa bai taɓa ba, ya juyo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, cika musu."