Yadda Ake Karɓar Sabuntawar Windows Ba Tare da Hawan Jini Ba

Babbar manhajar kwamfuta, wato tsarin da ke sa allo da madannai da ma'adanar bayanai su yi aiki tare, kamar Windows na kamfanin Microsoft, ba a taɓa gama rubuta ta, domin an gina ta ne da miliyoyin layukan umarni, kuma duk inda ɗan Adam ya rubuta abu mai yawa haka ba a rasa kuskure. Shi ya sa kamfanin ke aiko da sabuntawa, wato ƙunshin gyare-gyaren da kwamfuta ke saukewa ta intanet ta ɗora a kan abin da take da shi. Tun watan Oktoban 2003 aka tsayar da Talata ta biyu a kowane wata ta zama ranar fitar da su, kuma saboda bambancin agogo da yammacin Amurka, sukan fara isowa Kano ko Damagaram da misalin ƙarfe shida ko bakwai na yamma, daidai lokacin da mai shagon buga takardu ke ƙoƙarin sallamar kwastomansa na ƙarshe kafin a kira magariba.

Abin da ya kamata mai kwamfuta ya fara koya shi ne kada ya raina ɗan gajeren bayanin da ke zuwa da sabuntawar, wanda kullum yake cewa an gyara kurakurai an kuma inganta aiki. Jimlar ba ta da armashi, kuma mutum zai iya ganin ta wata bayan wata har ya ɗauka kamfanin ba shi da abin faɗa, alhali a bayanta akwai faci iri-iri, irin wanda mai gyaran taya ke yi wa hujin da mai babur bai ma san da shi ba. Wani facin na firintar da ta daina amsa kira ne, wani na batirin da ke saurin ƙarewa, amma mafi nauyinsu shi ne na ɓarakar tsaro, wato wata kafa a cikin manhajar da masu kutse za su iya bi su shiga. Kowace sabuntawa tana da lamba da ke farawa da haruffan KB, kuma wanda ya nemi lambar a intanet zai ga abin da aka gyara, har da matsalolin da kamfanin ya amsa cewa gyaran da kansa ya haifar. Na kowane wata yana tattare da duk waɗanda suka gabace shi, saboda haka wanda ya yi wata biyar yana gudu ba sai ya biya bashin ɗaya bayan ɗaya ba.

Gudun nan shi ne babban ciwo. Akwai mutanen kirki, masu cika alkawari a kasuwa da cikin gida, waɗanda ba su da wanda suke yi wa alkawarin ƙarya sai kwamfutarsu: ta nemi izinin sake kunna kanta, su ce anjima, ta dawo gobe, su ce jibi, har damina ta wuce. Irin waɗannan suna bukatar a tuna musu da shekarar 2017. A ranar 14 ga Maris Microsoft ya fitar da facin wata ɓaraka a hanyar da kwamfutoci ke musayar fayil, sannan a ranar 12 ga Mayu wata muguwar manhaja mai suna WannaCry, wadda ke kulle fayilolin mutum ta nemi kuɗin fansa, ta bi ta wannan ɓarakar ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Asibitocin gwamnatin Birtaniya suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, har aka soke ganin likita ga dubban majinyata, alhali maganin yana ajiye kusan wata biyu yana jiran a danna maɓalli ɗaya. Facin tsaro na wata-wata, a taƙaice, ba abin da ake jinkirtawa ba ne fiye da 'yan kwanaki.

Sai dai akwai sabuntawa iri na biyu, babba, wadda ke sauya fasalin manhajar baki ɗaya, kuma Windows 11 yana samun ta sau ɗaya a shekara. A nan ɗoki ba shi da riba. A watan Oktoban 2018 an fitar da irin wannan ga Windows 10, mai lamba 1809, sai wasu daga cikin waɗanda suka yi saurin ɗora ta suka tarar da fayilolinsu na takardu sun ɓace, abin da ya tilasta wa kamfanin janye ta cikin 'yan kwanaki, bai sake fitar da ita ba sai 13 ga Nuwamba. Mai hankali yakan bar makonni su wuce, ya saurari abin da ya samu na gaba, tun da Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Ruwan kuwa shi ne kwafin ajiya, wato a kwashe muhimman fayiloli zuwa filasha ko wata ma'adana ta waje, a zare ta a jefa a aljihu. Ɗalibin da kundin bincikensa na kammala digiri yake zaune a wuri ɗaya tak ya fi kowa bukatar wannan nasiha, kuma shi ne ya fi kowa ƙin jin ta.

Zaɓen lokaci ma ilimi ne. Ba a fara sabuntawa saura minti goma a buga katin ɗaurin aure, ango yana tsaye a kan mai shago yana duba agogo. A cikin saitunan Windows akwai wurin da ake ayyana sa'o'in aiki, har zuwa 18 a rana, waɗanda kwamfuta ba za ta sake kunna kanta a cikinsu ba, akwai kuma damar dakatar da sabuntawa har mako biyar ga wanda wani aiki ya sha kansa. Wanda ke jona kwamfuta da datar wayarsa sai ya nuna mata cewa layin na awo ne, don ta rage hannu, kada ya wayi gari datar wata guda ta tafi a dare ɗaya. Batun wuta ya fi duka muhimmanci inda lantarki ba ya sallama kafin ya tafi: ta tafi-da-gidanka a cika mata caji a bar ta a jone, ta tebur kuwa sai an tabbatar akwai mai a janareta ko akwai na'urar riƙe wuta, domin yankewar wuta a tsakiyar aikin tana iya barin manhajar rabi sabuwa rabi tsohuwa, ta ƙi tashi.

Da an fara, abin da ya rage shi ne haƙuri. Allon yakan nuna 'yan ɗigo suna zagaye da lissafin kashi cikin ɗari, wanda sau da yawa yakan kai 30, allon ya yi baƙi, kwamfutar ta sake tashi ta ci gaba, wani lokaci kuma ya kai 100 ya zauna a nan kamar bai san ma'anar ɗari ba. Duk wannan al'adarta ce, ba alamar mutuwa ba. Zura wa allon ido ba ya ƙara masa sauri, haka ma bubbuga madannai ko kiran sunan wanda ya sayar da ita, kuma yatsan da ke ƙaiƙayin danne maɓallin kashewa ya fi kyau a ba shi kofin shayi ya riƙe. Sai an shafe sa'o'i ba tare da lissafin ya motsa ba ne ake tunanin kiran mai gyara.

Bayan ta dawo hayyacinta, a gwada firinta da sauti da intanet tun kafin a bukace su. Idan babbar sabuntawa ta ɓata wani abu, akwai kwana 10 na komawa tsohon fasali, muddin mutum bai share babban fayil ɗin nan mai suna Windows.old ba don neman sarari. Ya kuma kamata a yi adalci wajen ɗora laifi, domin shuɗin allon da ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a ranar 19 ga Yulin 2024, har jirage suka kasa tashi, ya fito ne daga sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike, ba daga facin Windows ba. Wanda ya fi cancantar damuwa shi ne mai Windows 10 da ke murna cewa kwamfutarsa ta daina damun sa da saƙo, domin tallafin wannan manhaja ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma abin da ya rage masa shi ne ya shiga shirin ƙarin wa'adin facin tsaro, ko ya koma Windows 11 idan kwamfutar ta cika sharuɗɗansa, ciki har da guntun tsaron da ake kira TPM 2.0, ko kuma ya ɗora wata manhajar kyauta irin Linux.