'Yan Rakiyar Gyaran Birki

Asabar da safe na ɗaga tsohuwar Mazda MX-5 ɗina a ƙofar gida, 'yar mitsitsiyar nan mai kujera biyu da yaran unguwa ke kira silifas. Niyyata in canja takalman birki da shokazoba kafin azahar. Ban gama kwance tayar farko ba jama'a suka hallara kamar an raba goron ɗaurin aure.

Na farko a kullum shi ne Baba mai Fijo. Farar shaddarsa ba ta taɓa gamuwa da baƙin mai ba, hannaye a baya, carbi na lilo. Ba ya taɓa sifana, amma babu notin da zai juya bai sa baki ba. Ya taɓa mallakar 504 haɗin Kaduna, tun daga nan duk motar da aka ƙera gwangwani ce. "Yaro, wannan da kake kira sifirin ai awarwaro ne. Tawa buhun gero goma nake lafta mata har Maraɗi, ko nishi ba ta yi." Bara buhu shida ne. In noti ya cije, ni ne ban iya ba. In ya kwance, ai shi ya ce a murɗa hagu. Na ce masa, "Baba, tun 1989 Japanawa suka fito da wannan don shan kwana, ba dakon hatsi ba." Ya leƙa cikinta, ya dube ni da tausayi: "To ina iyali za su zauna?" Korarsa ba ta yiwuwa, don shi ke riƙe mini tocila bayan magariba, ko da yake fuskata yake haskawa.

Akwai mai aron sifana lamba 10. Huɗu na saya a Ƙofar Ruwa bana, ko ɗaya babu a akwatina. Akwai sarkin guduma, wanda maganin kowace cuta a wurinsa "a ɗan buga mata". Akwai ɗan YouTube, da ke cusa mini waya a ƙarƙashin mota in ga Bature ya gama aikin cikin minti 12, a kan notin da bai taɓa ganin damina ba.

Ƙanena kuwa shi ne mai taka feda in za a cire iska daga birki. "Taka! Riƙe!" Ina buɗe notin fitar da iskar, budurwarsa ta kira, ya ɗage ƙafa, iska ta koma ciki. Sai mu sake daga farko.

Duk waɗannan ina shan shayi da su. Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai cewa "ai duk ɗaya ne". Shi ke canja takalmin birki na gefe ɗaya don na ɗayan "da saura". Shi ke ɗaure sifirin da igiya maimakon matsewarsa da ƙarfen da aka yi don haka, ga yara tsugune suna kallo. Shi ke shigewa ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai da bulo guda. Man birki ya ƙare, ya ɗura ruwan sabulu, alhali ruwa na tafasa a digiri 100, sabon man birki na DOT 4 kuwa sai ya kai 230. Ka yi magana ya ce Allah ke tsarewa. Haka ne, amma hanyar da zai hau ita 'ya'yana ke tsallakawa zuwa Islamiyya. Wannan kam ko gaisuwarsa da ƙyar nake amsawa.

Sai kuma wani mutum da ya ce kafin azahar zai gama, mota ta yi sati uku a ɗage. Da ya haɗa, noti biyu suka ragu, ya jefa su aljihu ya ce kamfani ne ya yi ƙari. Ya rage mata tsayi don gayu, yanzu duk tudun rage gudu sai ya hau shi a karkace kamar ƙaguwa. Ranar gwaji ya manta bai tattaka feda ba kafin ya tashi, ƙafarsa ta nutse har ƙasa, get ɗin gida ne ya tsayar da shi.

Baba mai Fijo yana wurin. Har yau bai bar ni na manta ba.