Ai Tana Tashi Lafiya, Ko?

Na san ku, 'yan "ai tana tashi lafiya". Da an ce ku leƙa rubutun umarnin da kwamfuta ke bi in an kunna ta, sai ku taɓe baki, wai masu Linux sun cika fi'ili. To ku gyara zama, yau da ku nake.

Kowane umarni a Unix in ya gama yakan bar lamba: sifili in an dace, wata lamba daga 1 zuwa 255 in an samu tangarɗa. 127, alal misali, na nufin an nemi umarnin an rasa. Amma shel, manhajar da ke karanta rubutun, ba ruwanta da lambar nan sai an ce ta duba. Layi ya faɗi, ta tsallake shi ta kama na gaba, ko a jikinta. Tun shel ɗin Stephen Bourne na 1979 halinta ke nan.

"To sai me?" in ji Malam Mai Gardama daga can baya. Sai ɗan aike, Malam. Ka ce masa ya shiga ɗakin shirgi ya kwashe komai ya zubar. Ya tarar da ƙofa a kulle, sai ya kwashe falon da yake tsaye a ciki, ya dawo yana jiran tukwici.

Kafin ka ce ƙage na yi: a Janairun 2015 aka bankaɗo layin `rm -rf "$STEAMROOT/"*` a rubutun da ke tayar da Steam, manhajar wasanni ta kamfanin Valve, a kan Linux. Can sama akwai `cd` da ake dogara da shi wajen samo adireshin foldar Steam. In ya gaza, sunan ya zama fanko, sharar ta fara daga tushen faifai. Wanda ya kai ƙorafin ya rasa fayilolinsa, har da na faifan waje da yake ajiyar ko-ta-kwana, don yana jone a lokacin. Wannan fa da ikon mai amfani kawai aka yi ɓarnar. Rubutun kunna na'ura da ikon `root` yake gudu, wanda ba a ce masa kul.

Ga wani ya ɗaga hannu: "Ni na sa `set -e` a sama, an gama." Sannu da ƙoƙari, gwani. Yakan tsayar da rubutun in umarni ya faɗi, ya fi babu, amma ba laya ba ce. Umarnin da ya faɗi a sharaɗin `if`, ko gabanin `&&`, ba ya tsayar da komai. In ka jera umarni da bututu, lambar na ƙarshe kaɗai ake ji sai ka ƙara `pipefail`. Su kuma masu liƙa `2>/dev/null` da `|| true` a wutsiyar kowane layi, Allah ya shirye ku: kun toshe wa na'ura baki, kuna cewa ba ta taɓa kuka ba.

Kada 'yan tsauri su fara tafi, ku ma akwai naku. Ka rubuta faifan USB a `/etc/fstab` ba tare da `nofail` ba, wani ya zare shi, wuta ta ɗauke ta dawo tsakar dare. Na'ura za ta jira shi daƙiƙa 90, ta faɗa yanayin gaggawa, ba hanyar shiga daga nesa, kai kana gida ita tana ofis a kulle. Saboda faifan hotunan biki! Wani kuskuren a tsaya ake yi, kamar gazawar `cd` gabanin shara. Wani kuwa a rubuta shi a kundi a wuce. Mai rubutun ne zai tantance, layi bayan layi.

"Ai yanzu systemd ake yayi, shi zai kula." Gaskiya ne, tun da Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da wannan manhaja mai tayar da ayyukan na'ura a 2010 aiki ya yi sauƙi: `Restart=on-failure` zai sake tayar da abin da ya faɗi, in ya tashi sau biyar cikin daƙiƙa goma ya haƙura. Sai dai da lambar da ka ba shi yake hukunci. In rubutunka ya rufe da `exit 0` ko da rabinsa ya zube, systemd zai ce komai lafiya lau.

Malam Mai Gardama, buga `systemctl --failed` yanzu, ka karanto mana da ƙarfi. Muna jira.