Jinjina ga Masu Raɗa wa Iska Suna

Allah ya ja zamanin mutanen Ingila, ma'abota ladabi, sarakunan tauna magana, waɗanda ko iska ba sa kiranta da sunan da bai dace da darajarta ba. Wasu jama'a marasa zurfin ilimi, da iska ta taso sai su ruga su danne kwanon ɗaki. Su kuwa sai sun tantance. Mai kaɗa ganye da sunanta, mai karya reshe da nata. Akwai wadda suke ce wa blustery, wato mai zuwa a fusge, ta buga ta lafa ta sake bugowa, ta juya wa dattijo laima a bakin titi. Tun 1805 wani hafsan sojan ruwansu, Francis Beaufort, ya jera wa iska muƙamai kamar sarautun fada, daga sifili har mataki na 12, don kada wata ta hau kujerar wata.

Amma toron giwar wannan fanni, gagara-badau, bango madafar bayi, shi ne Michael Fish, mai hasashen yanayi a talabijin na BBC. Ranar Alhamis 15 ga Oktoba 1987, da rana, ya shaida wa al'umma cewa wai wata mata ta bugo waya, ta ji an ce mahaukaciyar guguwar nan ta harikan na tafe. Cikin tausayi irin na uba ya ce ta kwantar da hankalinta, babu ita. Za a yi iska sosai, in ji shi, amma galibinta Sifen da Faransa za ta sauka.

A daren nan gaskiyarsa ta bayyana. Iskar da ta wuce kilomita 180 a awa ta ratsa kudancin ƙasar, ta kayar da bishiyoyi kimanin miliyan 15, ta ɗauki jirgin ruwan fito mai suna Hengist ta ajiye a gaɓa kusa da Folkestone. Garin Sevenoaks, mai alfahari da bishiyoyi bakwai da suka yi daidai da sunansa, ya wayi gari da guda ɗaya a tsaye. Mutum 18 suka rasu. Rabon ƙasar da irin wannan tun 1703. Duk da haka, ya jama'a, ba harikan ba ce! Masana sun yi bayani dalla-dalla: harikan ɗiyar teku mai ɗumi ce ta yankuna masu zafi, wannan kuwa daga mashigin tekun Biscay ta taso, zuriyarsu ma ba ɗaya ba. Wace natsuwa ta kai ta magidancin da ke tsaye a falonsa yana kallon sararin samaniya, alhali yana da tabbacin cewa abin da ya kwashe masa rufi bai cancanci wancan suna ba?

Daga baya gwanin ya bayyana cewa ai guguwar Florida yake nufi. Laifin masu sauraro ne da suka zaci mai hasashen yanayin Ingila yana magana a kan Ingila. Ƙasa mai sanin ya-kamata ba ta manta da shi ba: a 2004 aka ba shi lambar girma ta MBE, a 2012 kuma aka nuna wa duniya wannan hasashe a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan.

Ilimi kuma bai tsaya nan ba. A 2015 hukumar yanayin ƙasar ta ga bai kamata guguwa ta ci gaba da yawo ba suna ba, ta nemi jama'a su kawo shawara. Ta farko, Abigail, ta ziyarci arewacin Sikotilan a watan Nuwamba, ta rufe makarantu, ta yanke wa dubban gidaje wuta, kuma duk wanda ya kwana cikin duhu ya san sunan baƙuwarsa.